Akwatin da Aka Auna da Roba

Yayana ba injiniya ba ne. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji ana kiransa Injiniya ya kwashi rediyonsa ya kai masa gyara. Aikinsa buga hatimi ne a wani ofis, shekara ashirin da shida ke nan, kuma ko tawadar hatimin ce ta bushe sai ya kira masinja ya zuba masa. Sunan ya samo asali ne daga ranar da fankar falonsa ta tsaya, ya zungure ta da sandar goge-goge ta ci gaba da juyawa. Tun daga ranar ya ce shi fa Allah ya ba shi kan na'ura, karatun ne kawai bai samu yi ba. Fankar ta faɗo bayan kwana biyu, amma sunan ya zauna daram.

Matarsa tela ce, Anti muke ce mata. Mace ce marar hayaniya, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, har kicin da shi take shiga. Ka ƙona mata tukunya ta yi dariya, ka zubar mata da man keke ta ce ba komai. Abu ɗaya ne a gidan nan ba a wasa da shi, wato kabet ɗin falo da talabijin ke zaune a kansa. Mahaifinta kafinta ne, kabet ɗin nan kuma shi ne aikin ƙarshe da ya yi kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ƙofofin gilashi gare shi, kofunan tangaran jere a kantar sama, kantar ƙasa kuma an raba ta biyu da katako a tsakiya. A jikin falankin bayansa, ta ciki, har yau akwai rubutun tsohon da fensir, 'yan lambobi da layuka. Kullum safe Anti sai ta goge ko'ina, amma ba ta taɓa kai tsumma wurin rubutun nan ba.

To, sai 'yarsu, wadda a gida Likita ake ce mata, ta gama karatun likita a can nesa, ta aiko da bidiyon ranar da aka ba su takardar shaida. Inna, mahaifiyarmu, ita ta yi renon yarinyar, ciwon ƙafa kuma ya hana ta zuwa. Muka nuna mata a waya. Ta kai wayar nesa, ta kawo ta kusa, ta juya ta, ta ce ita dai tururuwa take gani sanye da huluna.

Nan Yaya ya miƙe ya gyara tsayuwa.

"Inna, kwantar da hankalinki. Ranar Asabar da yamma za ki ga jikarki kamar tana tsaye a gabanki. Silima zan haɗa a falon nan."

"Da me?" in ji Inna.

"Da kwamfutar da Likita ta bari. Sabon akwati zan saya mata, in zura ta cikin kabet, ƙarƙashin talabijin. Ba waya a waje, ba ƙara, ba ƙura. Zama kawai za ki yi."

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Kafin rana ta yi sanyi ya gayyaci mutanen layinsu kaf. Ya dawo ya kwance kwamfutar, ya zube kayan cikinta a faranti kamar mahauci, ya miƙa wa masu sayen tsoffin ƙarafa tsohon akwatin. Na ce masa me ya hana ya bari sai ya samo sabo. Ya ce injiniya ba ya waiwaye.

Anti tana kan kekenta a kusurwar falo duk tana ji. Sai ta tsayar da ƙafa.

"Baban Likita, ka yi silimarka, ka yi har da filin jirgi in ka ga dama. Amma kabet ɗina, kada ka cire masa ko ƙusa ɗaya."

"Haba, wa zai taɓa miki kabet? Awo kawai zan yi."

Ta zare tef daga wuyanta ta miƙa masa. Ya dube shi kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Wannan na auna ƙugun mata? Ƙarfe fa zan saya, ba atamfa ba. Mu a aikinmu igiya da ƙulli ake yi, ba su ƙarya."

"To ai ga awon nan ma Baba ya rubuta a jikin falankin."

"Awon mutanen da ne wannan. Duniya ta ci gaba."

Ya sunkuya ƙarƙashin keken ya tsinci wata farar igiya mai faɗi. Ya auna faɗin kantar ya yi ƙulli, ya auna tsayi ya yi ƙulli, ya auna zurfi ya yi na uku, ya cusa a aljihu yana fito. Abin da babu wanda ya lura a lokacin shi ne, ba igiya ya tsinta ba. Roba ce, irin wadda ake zurawa a ƙugun wando. Ta wandonsa ce ma da Anti ke ɗinka masa don ranar Asabar, ta riga ta yanke ta daidai ƙugunsa.

Washegari ni na kai shi shagon masu kwamfuta, don ni ce mai mota. Mai shagon dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambayi inda za a ajiye ta da girman kayan cikin, ya shiga ciki ya fito da wani baƙin akwati kwantacce, marar tsayi.

"Irin wannan ake sawa ƙarƙashin talabijin," in ji shi. "Ga ramukan shan iska ta gefe, fankarsa kuma ko ka kasa kunne ba za ka ji ta ba."

Yaya ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa.

"Wannan ai gwangwanin biskit ne. Ni za ka ba gwangwanin biskit? Layi guda fa na gayyata."

Sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton akwati da aka girke a tsakiyar shago. Tsayinsa ya wuce gwiwata, gefensa gilashi, a ciki fankoki shida suna juyawa da fitilu ja da kore da shuɗi. Na ga bakin Yaya ya ɗan buɗe, na san mun shiga uku.

"Wancan fa?"

"Wancan na masu wasan kwamfuta ne, ranka ya daɗe. Ba ya shiga kabet. Kabet ɗin ma saura kaɗan ya shiga cikinsa."

"Awo zai raba mu."

Ya zaro abin awonsa ya ɗora a kan akwatin. Ƙullin farko ya tsaya saura taƙi guda ya kai baki. Yaya ya ja, ƙullin ya tafi, ya tafi, ya sauka a kan bakin.

"Ka gani? Cif!"

Mai shago ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ranka ya daɗe, roba ce fa."

"Na sani."

"Tana miƙewa."

"Ai shi ya sa na zaɓe ta. Igiyar da ba ta miƙewa, ta yaya za ta auna babban abu?"

Dattijon nan ya miƙo hannu. Ya karɓi robar, ya je ƙofar shagonsa, ya kafa ta a gefe ɗaya ya ja har ƙullin ya taɓa ɗaya gefen.

"Ka ga ƙofata ma za ta shiga kabet ɗinka."

"Ba ƙofa na zo saya ba."

Na ce, "Yaya, don Allah ka saurari mutumin nan."

"Ke, tsaya a kan allurarki. Na taɓa zuwa asibitinku na koya miki duba jijiya?"

Mai shago ya ce in bai shiga ba a dawo da shi yadda yake, zai canza mana. Yaya ya daki ƙirji ya ce in aka sake ganin ƙafarsa a shagon nan, to ba shi ne Injiniya ba.

A ƙofar gida muka tarar da maƙwabtansa biyu. Ɗaya Mai Walda ne, wanda rumfarsa ke kallon gidan. Ɗayan tsohon Hedimasta ne da ya yi ritaya amma bai daina gyara wa mutane magana ba. Su suka kama aka shiga da akwatin. Aka gwada a tsaye, bai shiga ba. Aka kwantar da shi, bai shiga ba. Aka karkata shi, aka juya shi, har aka kifa shi, kabet ya ce bai san zancen ba.

Yaya ya ja da baya ya riƙe haɓa.

"Kabet ɗin ya motse."

"Tsakanin jiya da yau?" in ji Hedimasta.

"Katako ne ai. Kai da ka koyar da kimiyya ba ka san katako yana motsewa ba?"

"Tarihi na koyar. Kuma a tarihi ban taɓa jin wanda ya motse taƙi guda a kwana ɗaya ba."

Yaya ya sake zaro robar. Ya ɗora ta a kan kantar kabet sake-sake, ƙulli ya zauna a baki. Ya ɗora ta a akwati ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, ƙulli ya zauna a baki.

"Kun gani da idonku. Awo ɗaya ne. Matsalar ba daga wurina take ba."

Inna da ke kan kujera ta ce, "To ka zura robar a ciki mu kalla mana, tunda ita ta shiga."

Anti ko kai ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. "Mayar musu," kawai ta ce.

"Na riga na yi magana a gaban mutane. Ba zan koma ba."

Mai Walda mutum ne da ko ciwon kai ka kawo masa zai ce a yanka a liƙe. Ya zagaya akwatin sau biyu ya ce a kawo masa gobe ya rage masa tsawo.

Ranar Laraba rumfar walda ta cika kamar ana rabon kyauta. Yaya ya ja layi da alli, da ido, don ya ce robar ta gama nata aikin. Mai Walda ya ce a fara cire gilashin gefe.

"Bar shi. Irin wannan gilashin ko harsashi ba ya fasa shi."

Injin yankan ƙarfe ya yi ƙara sau ɗaya, gilashin ya zube a ƙasa kamar an ɓarar da gishiri. Yaya ya dubi tarin ya ce da ma nauyi yake ƙara masa. Aka yanke saman akwatin, fankoki uku suka tafi da shi. Mai Walda ya kawo fallen ƙarfe ya rufe sama, ya rufe gefe, ya liƙe ko'ina.

"In huda masa ramuka ya sha iska?"

"Kada ka soma! Ta nan ƙura ke shiga, ta nan ƙara ke fita."

Sauran fankoki ukun ma Yaya da hannunsa ya cire su, ya ce wa ya taɓa jin ƙarar fanka a gidan silima. Ya jera su a kan taga wai ado. Abin da aka dawo da shi gida ranar Alhamis ba ya kama da komai sai akwatin gasa burodi da aka tsamo daga gobara. Ya zuba kayan cikin kwamfutar a ciki ya ɗaure. Aka kwantar da shi aka tura. Yanzu kai yana shiga, amma katakon tsakiya ya tare shi ta gefe, falankin baya ya tare shi ta ciki.

Da safiyar Juma'a Anti ta tafi kasuwa sayen zare da maɓallai. Ni kuma na biyo in ba Inna maganinta. Ina shiga falo na tarar da kabet an jawo shi daga bango, Yaya durƙushe a bayansa da sukudireba a hannu. Falankin baya yana jingine da kujera, rubutun fensir yana kallona. Katakon tsakiya yana kusa da shi.

"Innalillahi! Yaya, me ka yi?"

"Rage murya. Aro na yi, bayan taro zan mayar."

"Ta ce ko ƙusa ɗaya!"

"To ai ban cire ƙusa ba, noti ne. Sha biyu, ga su nan a hannuna."

"Falankin nan fa shi ke riƙe kabet ɗin."

"Falankin baya ado ne. Ƙafafu ke riƙe kabet. Ke da me kike tsaye, da bayanki ko da ƙafarki?"

Inna tana waje tana shan hantsi, sai ya lallaɓa ɗakinta ya cusa katakan biyu ƙarƙashin katifarta. Ya manna baƙin ƙyalle a bayan kabet, ya tura akwatinsa har wutsiyarsa ta leƙo ta baya, ya rufe ƙofofin gilashi. In ba ka ƙura ido ba ba za ka gane komai ba. Ya roƙe ni da girman zumunci in rufa masa asiri zuwa gobe. Na yi shiru, kuma har yau in na tuna shirun nan ina jin kunyar Anti.

Ta dawo a gajiye, ga ɗinkin mutane ya taru, ba ta ko dubi wajen kabet ba. Ta ɗaga yadi, ta leƙa ƙarƙashin keke, ta zazzage kwando.

"Wai ina robar wandonka ta shiga ne? Kwana huɗu ina nemanta."

Ya zaro ta daga aljihu da ƙulle-ƙullenta. Anti ta kwance ƙullin, ta ja ta ta saki. Robar ta tsaya yadda aka ja ta, ko motsi ba ta yi ba.

"Wannan ta mutu. Bari in yanko wata."

"Ita za ki sa. Robar da na gwada ƙarfinta da kaina? Har ƙofar shago ta auna."

Anti ta dube shi, ta dubi robar, ta ce to. Ta zura ta.

Asabar da yamma falo ya cika har baranda. An aro kujeru daga gidaje uku. Inna tana gaba, an ɗora mata ƙafa a kan matashi. Yaya ya fito cikin sabon wando da 'yar riga mai gajeren hannu, biro huɗu a aljihun gaba, notunan nan sha biyu kuma suna kacau-kacau a aljihun wando don kada Anti ta gan su a ɗaki. Ya yi jawabi na kusan minti ashirin a kan yadda ya kori mai shago da gwangwanin biskit ɗinsa. Sannan ya danna.

Wallahi ta kama. Hoto ya fito tar, ga babban zaure, ga ɗalibai cikin riguna da huluna. Mutane suka tafa. Yaya ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Hedimasta, kamar wanda ya ci zaɓe. Shugaban makarantar ya yi dogon jawabi, aka fara kiran sunaye. Can sai wani wari ya fara zagayawa, irin na dutsen guga da aka manta a kan riga. Layin su Likita ya miƙe, Inna ta turo kai gaba, mutum biyu ne a gabanta, sai talabijin ya yi ɗif.

"Hutu take yi," in ji Yaya. "Na'ura ce mai hankali."

Ya sake kunnawa. Bai san yadda ake tura bidiyo gaba ba, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba, don haka aka koma farko. Wannan karon ko sunaye ba a fara kira ba ta mutu. A karo na uku shugaban makaranta yana gyara lasifika ta ɗauke.

"Mutumin nan sau uku ke nan ina ganinsa," in ji Inna. "Har na fara sabawa da shi. Ina jikata?"

Hedimasta ya taɓa gilashin kabet ya fizge hannu yana yarfewa. Mai Walda ya ce shi dai ya ce a huda, kowa shaida ne. Wasu mata suka ɗauki murfin kwali suka hau yi wa kabet fifita. Wani ya ce a kawo ƙanƙara.

"Kowa ya zauna!" in ji Yaya. "Iska kawai take so."

Ya buɗe ƙofofin, ya cafki akwatin, ya saki yana busa yatsu. Ya naɗe hannu da tawul ya sake kamawa ya ja. Bai motsa ba. Abin da ya faru shi ne, tun da aka cire katakon tsakiya kantar sama ta sauko a hankali ta zauna a kan akwatin. Akwatin ne ke ɗauke da kabet ɗin tun jiya. Yaya ya tokare ƙafa, ya cije leɓe, ya fizga da dukan ƙarfinsa.

Akwati ya fito ya dira a ƙasa. Kabet ya yi wani ƙara ƙiii, ya fara karkata gefe a hankali. Kofuna suka soma kaɗa juna, talabijin ya soma zamewa. Na rantse ban taɓa ganin Yaya ya yi sauri irin na ranar ba. Ya yi tsalle ya tara kafaɗa, hannu ɗaya ya rungume gefen kabet, ɗayan ya tare talabijin. Komai ya tsaya cak.

A cikin shirun nan ne robar ta sallama. Wando ya sauka a hankali, ya wuce gwiwa, nauyin notuna ya ƙarasa da shi ƙasa da ɗan ƙara kacau. Ga Yaya tsaye cikin gajeren wando mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Mutane suka dubi gajeren wandon, suka dubi labulen falo, suka sake duban gajeren wandon. Yadi ɗaya ne, ragowar labulen ce Anti ta ɗinka masa.

Falo ya fashe. Mai Walda ya faɗo daga kujera. Matar Hedimasta ta rufe fuska da tafin hannu, yatsun a buɗe. Na baranda suna turereniya suna tambayar me ya faru, ana ba su labari suna ƙara shewa.

"Injiniya, wandonka!" in ji Hedimasta. "Saki ka ja wandonka!"

Yaya ya dubi ƙasa. Hannu ɗaya kawai yake bukata, ƙiftawar ido ya isa. Sai ya ɗago ya ga Anti tsaye a ƙofar kicin da farantin lemo. Ba shi take kallo ba. Baƙin ƙyallen ya faɗi, ta cikin kabet tana hango farin bango a inda rubutun mahaifinta yake. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, fuskarta ce kawai ta koma kamar ta ranar da aka yi mata rasuwar. Dariyar da ke bakina ta tsaya.

"Ba zan saki ba," in ji Yaya. Muryarsa ta canza. "Ku sauke kofunan. A hankali."

Mai Walda ya taso yana share hawaye ya ce bari ya karɓe shi.

"Ba wanda zai karɓe ni. Ni na cire."

Anti ta ajiye farantin. "Ina falankin Baba?"

Inna ce ta amsa.

"Mai rubutun fensir? Yana ƙarƙashin katifata, da ƙaninsa. Ni ma na ce yau bayana ya yi daɗi."

Na ruga na ɗauko su. Aka sauke talabijin, aka sauke kofuna ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fashe. Anti ta duba rubutun da kyau, ta ga ko layi ɗaya bai goge ba. Ta tambayi notuna. Yaya ya yi nuni da haɓa zuwa ƙasa. Ta durƙusa, ta sa hannu a aljihun wandon da ke zube a idon sawunsa, ta kwashe notunanta, ta bar wandon a inda ta same shi.

Ta mayar da katakon tsakiya. Ta zagaya baya ta ɗaura falankin, noti bayan noti, ba gaggawa, kamar tana sa maɓallai a rigar amarya. Yaya yana tsaye gumi na ɗiga daga haɓarsa, ƙafafunsa na rawa, furannin labule na rawa tare da su, amma bai saki ba. Da ta gama na sha biyu ta girgiza kabet, ya tsaya ƙyam.

"Saki."

Ya saki.

"Ja wandonka."

Ya ja. Ta zare fil daga gaban rigarta ta tattare ƙugun ta soke masa. Ni da ke kusa na ji abin da ta ce masa a hankali.

"Da ka saki, da na gyara maka wandon nan. Amma da ban sake gyara maka komai ba."

Bidiyon dai an kalle shi. Mai Walda ya ɓalle akwatinsa da guduma, aka mayar da kayan cikin kan farantinsu na farko, aka ajiye a ƙasa, aka juyo musu fankar tsaye. Ni na tura bidiyon gaba. Aka kira sunan Likita, ta hau dandamali, ta juyo ta yi murmushi, fuskarta ta cika talabijin. Inna ta miƙa hannu kamar za ta shafa ta, hawaye na bin kumatunta, ta ce a maimaita. Sau biyar aka maimaita.

A na biyar Yaya ya farfaɗo. Ya nuna farantin ya ce wa Hedimasta wannan shi ake kira buɗaɗɗen tsari, shi ake yayi yanzu a manyan ƙasashe.

"Rufe mana baki," in ji Inna, "jikata tana tafiya."

Ranar Litinin Anti ta kwafe lambobin mahaifinta a 'yar takarda, na kai su shago. Yaya ya ce shi ba zai fita daga mota ba, ya riga ya yi magana, ya noƙe a kujerar baya da jarida a fuska. Mai shago ya duba takardar ya shiga ciki ya fito da gwangwanin biskit. A gida ya shige kantar ƙasa sumul, da sauran wurin yatsu uku ta kowane gefe. Yaya ya tsaya ya kaɗa kai ya ce ai shi idonsa ya fara faɗawa a kai tun ranar farko.

Robar kuwa Anti ta zare ta daga wandon, amma ba ta yar da ita ba. Ta rataye ta a ƙusar da ke saman kekenta. Duk ranar da Yaya ya gyara zama ya fara cewa "mu injiniyoyi", ba ta tanka masa. Kai kawai take ɗagawa ta dubi ƙusar, shi kuma sai hannunsa ya tafi ƙugu.